Wa ke biyan kuɗin ranar da kuku ya kwanta?

Ƙarfe biyar na asuba. Wata mai yanka ganye a wani gidan abinci ta kwana tana zarya tsakanin gado da banɗaki, amai sau uku, gudawa kuwa ta daina ƙirgawa. Ƙarfe bakwai take kama aiki. Ta lallaɓa ta ɗauki waya ta kira manaja. Amsar da za ta ji, duk wanda ya taɓa aikin kicin a ko'ina cikin duniya ya haddace ta. "Kash, yau kuwa ba mu da mutane." Ko kuma, "Nemo wanda zai tsaya miki, in kin samu shi ke nan." Ko, "Daure ki zo, da an rage cunkoso sai ki tafi." Wani lokaci ma da murya mai laushi: "Ba komai, huta abinki, amma ki taho mana da takardar likita."

Da wuya ka ji manaja ya fito ƙarara ya ce dole ta zo. Ba ya ma buƙatar faɗa. Ita ta san kwana nawa ya rage mai gidan haya ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta san abin da ya sami wanda ya yi fashin kwana biyu a watan jiya, ta kuma san in ba ta je ba abokiyar aikinta ce za ta wuni a tsaye tana aikin mutum biyu. Sai ta haɗiyi maganin tsayar da ciki, ta wanke fuska, ta fita.

Dokoki biyu ne suka sa matar nan a tsaka mai wuya. Ta farko dokar tsaftar abinci ce, wadda ta ce mai amai da gudawa kada ya kusanci abincin jama'a. Ta biyu dokar ƙwadago ce, wadda a ƙasashe da yawa ta yi gum a kan wanda zai biya ta ladan ranar da ta zauna a gida. Ofisoshi daban-daban ne suka rubuta su, kuma ba su cika zama teburi ɗaya ba. Ta farkon tana da sufeto mai zagaye, tana da tara, tana da ikon garƙame shago. Ta biyun a wurare da dama babu ta sam. To duk inda aka ce wa mutum ya zauna a gida amma ba a ce ga abin da zai ci ba, an riga an zaɓa masa abin da zai yi: zai ɓoye ciwon.

A takarda ƙa'idar ba ta da duhu ko kaɗan. Kundin tsaftar abinci na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wanda yawancin jihohin ƙasar ke ɗaukar dokokinsu daga cikinsa, ya lissafa alamomi biyar da ma'aikaci zai kai wa shugabansa rahoto: amai, gudawa, ciwon shawara, ciwon maƙogwaro mai haɗe da zazzaɓi, da gyambo ko rauni mai ruwa a hannu. Mai amai ko gudawa ba zai dawo ba sai ya yi aƙalla awa 24 babu alamar. A Birtaniya hukumar kula da ingancin abinci ta ce awa 48. Kundin na Amurka ya kuma ware ƙwayoyin cuta shida da in likita ya tabbatar ma'aikaci na ɗauke da su sai an ɗauki mataki na musamman, cikinsu akwai ta taifot, da ta ciwon hanta nau'in A, da salmonela, da wadda ta fi kowacce yawan aika-aika a gidajen abinci, wato ƙwayar noro.

Sai an san halin wannan ƙwaya kafin a gane dalilin tsananin. Sunanta ya samo asali ne daga garin Norwalk na jihar Ohayo, inda a 1968 amai da gudawa suka ɓarke a wata makarantar firamare, kuma sai a 1972 masana suka iya ganin ta da madubin bincike. Mai fama da ita yana fitar da biliyoyinta a amai da bahaya, alhali ƙasa da guda ɗari sun isa su kwantar da lafiyayyen mutum. Tana iya kwanaki a jikin marfin firji, ko hannun famfo, ko ƙotar wuƙa, tana jiran hannu na gaba. Ruwan goge hannu mai barasa, wanda mutane suka saba da shi tun lokacin korona, ba ya yi mata wani abin kirki. Sai sabulu da ruwa a hannu, sai sinadarin kulorin a kan tebur. Ciwon kansa gajere ne, kwana ɗaya zuwa uku, amma mutum kan ci gaba da fitar da ƙwayar bayan ya ji sauƙi, kuma kwanakin farko na samun sauƙin suna cikin mafi haɗari. Abincin da za a dafa bayan an taɓa shi da sauƙi-sauƙi. Matsalar tana ga abin da ke tashi daga hannun ma'aikaci zuwa bakin mai ci ba tare da ya ga wuta ba: ɗanyen ganye, yankakken kayan marmari, burodi, ƙanƙarar da ake zubawa a abin sha. Mutum ɗaya a zangon aiki ɗaya yana iya taɓa abincin mutum ɗari biyu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fi kowa bin diddigin wannan al'amari, shi ya sa alƙalumanta suka fi yawo. A rahotonta na 2014 ta ce a cikin ɓarkewar noro da aka danganta da gurɓataccen abinci kuma aka gano tushenta, kusan kashi 70 cikin ɗari daga ma'aikacin abinci mai ɗauke da cutar ta fito. Ta kuma ce ɗaya cikin kowane ma'aikata biyar ya amsa da bakinsa cewa ya taɓa yin aiki yana amai ko gudawa a cikin shekarar da ta gabata. Wannan fa waɗanda suka yarda suka faɗa ne. Manyan dalilan da suka bayar su ne tsoron rasa aiki, da ƙin barin abokan aiki cikin ƙarancin hannu.

Dalili na biyun nan ya fi ba ni tausayi, domin halin kirki ne aka juya shi ya zama makami. Aikin kicin aikin gayya ne. Kowa da tashar da yake tsaye, in ɗaya ta zama babu kowa layin gaba ɗaya ya cushe. Mutanen da suka shekara suna shan zafin murhu tare, suna ƙonewa tare, suna cin abinci a tsaye a bayan ƙofa, akwai wata irin zumunta tsakaninsu. Daga cikin zumuntar ne aka gina al'adar cewa jarumi ba ya fashi. Za ka ji tsohon kuku yana alfahari cewa shekara goma sha biyar bai taɓa kwanciya ba, ya yanke yatsa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, ya yi zazzaɓi ya dafa wa mutum ɗari uku. Yaron da ya shigo jiya yana saurare, ya kuma fahimci darasin. Ranar da cikinsa ya ɓaci, kunyar abokan aiki za ta fito da shi tun kafin tsoron mai gida ya fito da shi. Mai gida kuwa bai kashe ko sisi ba wajen kafa wannan doka, ma'aikata ne ke tsare masa ita a kyauta.

Sai maganar kuɗi. A Amurka har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya biya ma'aikaci ladan ranar jinya. Dokar hutun iyali da jinya ta 1993 ta ba da mako 12 ne ba tare da albashi ba, kuma ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 50 zuwa sama kawai, ga wanda ya shekara a wurin ya kuma yi awa 1,250. Yawancin masu wanke kwanuka da masu kai abinci tebur ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma ko sun cika, hutun da babu albashi ba shi ne maganin damuwarsu ba. Ga kuma tsarin tukuici. Dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici daga kwastomomi dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, da sharaɗin mai gida ya cike giɓi in tukuicin bai kai shi dala 7.25 ba. Wasu jihohi sun ɗaga nasu sosai, amma a inda ake bin na tarayya, abin da mai kai abinci ke rayuwa da shi yana fitowa ne daga aljihun masu ci. Daren ƙarshen mako ɗaya yana iya zama kaso mai tsoka na samunsa na mako. Ko da an ce za a biya shi awanninsa na jinya, tukuicin daren ya tafi.

Kora ita ce hukuncin da kowa ke tsoro, amma ba ita aka fi amfani da ita ba. Kora tana barin shaida, a wasu wuraren ma tana jawo ƙara. Akwai hanyoyin da suka fi ta sauƙi. Jadawalin aiki yana hannun manaja, kuma a sana'ar da ake biya da awa, jadawali shi ne albashi. Wanda ya yi fashi ranar da aka fi ciniki sai ya duba allo mako mai zuwa ya tarar an ba shi kwana biyu maimakon biyar, ko an mayar da shi lokacin da ko ƙuda ba ya shigowa. Ba wanda ya ce masa uffan. A Birtaniya akwai kwantiragin da ba ta lamunce wa ma'aikaci ko awa ɗaya ba, sai yadda aka kira shi, kuma otal-otal da gidajen abinci suna cikin waɗanda suka fi amfani da ita. A irin wannan ba a ma buƙatar dalili, wayarsa ce kawai za ta daina ƙara. Manyan kamfanoni kuma wasu suna da tsarin maki: kowane fashi maki ne, in sun taru zuwa wani adadi sai gargaɗi, sai sallama, ba ruwan kwamfuta da ko amai ne ya hana ka zuwa ko shagali.

Cewa mara lafiya ya nemo wanda zai tsaya masa, wannan kam ɗora wa mutum aikin da ba nasa ba ne. Tsara wanda zai yi aiki aikin manaja ne, don shi ake biyan sa. Amma sai ka ga mutum yana durƙushe a banɗaki da asuba yana bin lambobin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, in duk suka ce ba hali, amsar ta fito ke nan. Takardar likita ma haka take. A inda ganin likita ke cin kuɗi, kuɗin takardar na iya zarce ladan ranar da aka yi fashin. Kuma likita ba shi da abin da zai yi wa noro illa ya ce a sha ruwa a huta; abin da aka samu kawai shi ne an tura mai yaɗa cuta ya zauna a ɗakin jira cikin tsofaffi da jarirai. Manufar takardar ba neman lafiya ba ce. An sa ta ne don fashi ya yi tsada, kuma yana yi.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don manajan nan ba dodo ba ne. Sau da yawa shi ma ɗan albashi ne da ya taso daga wanke kwanuka, kuma shi ma da zazzaɓinsa yake zuwa. Ribar gidan abinci siririya ce: in an fitar da kuɗin kayan girki, da haya, da wuta, da albashi, abin da ke saura ba shi da kauri, kuma cikin waɗannan duka albashi ne kawai ake iya matsewa daga yau zuwa gobe. Don haka daga sama ake ba manaja adadi, a ce kuɗin ma'aikata kada ya wuce kaso kaza na ciniki, a kuma ɗaura ladansa na ƙarshen wata a kan hakan. Zai tsara jadawali da mafi ƙarancin mutanen da za su iya riƙe wurin in komai ya tafi daidai. Babu rarar mutum ko ɗaya. Ranar da waya ta yi ƙara da asuba, zaɓinsa uku ne: ya rufe wani sashe ya yi asarar ciniki, ya tsaya da kansa ya yi awa goma sha shida, ko ya ce "daure ki zo". Asarar ta farko za a gan ta a lissafin yau. Asarar da amai zai jawo kuwa wataƙila ba za ta taɓa dawowa kansa ba, domin alamar noro sai bayan awa 12 zuwa 48 take fitowa, masu ci sun watse, kowa yana zargin abin da ya ci na ƙarshe, kuma kaɗan ne ke kai ƙara hukuma. Caca ce da mai gida ke ci kusan kullum. Waɗanda ke biya su ne baƙin da ba su san an yi cacar da cikinsu ba.

Wannan matsala ta girmi duk wanda ke raye. Mary Mallon 'yar ƙasar Ayalan ce da ta yi hijira zuwa Amurka tana budurwa, ta zama kuku a gidajen masu kuɗin Niyok. Wani injiniyan tsafta mai suna George Soper ya bi sawun taifot a gidajen da ta yi aiki, a 1907 hukuma ta kama ta ta tsare a wani tsibiri. Ita kanta ba ta taɓa jin ciwon ba, ɗauke da ƙwayar kawai take, shi ya sa har ta mutu ba ta gamsu da abin da ake faɗa a kanta ba. A 1910 aka sake ta bisa alƙawarin ba za ta ƙara girki ba. Ta koma wanki da guga, aikin da ladansa bai kama ƙafar na girki ba, kuma ba wanda ya cike mata giɓin. Sai ta sauya suna ta koma kicin. A 1915 taifot ta ɓarke a wani asibitin haihuwa inda take dafa abinci, mutum 25 suka kamu, biyu suka rasu. Aka mayar da ita tsibirin, ba ta sake fita ba har rasuwarta a 1938. Tarihi ya riƙe ta a matsayin mace mai taurin kai, kuma ba za a wanke ta tas ba, rayuka sun salwanta. Amma hukumar da ta iya ciyar da ita shekara ashirin da wani abu a tsare, ba ta iya biyan ta bambancin ladan wanki da na girki ba lokacin da take waje. An raba ta da sana'arta don lafiyar jama'a, aka bar ta ita kaɗai ta ɗauki kuɗin.

Bayan shekara ɗari labarin bai sauya sosai ba, sai dai wannan karon an kai ga mai gida. A watan Disambar 2015 mutum 141 suka kwanta bayan cin abinci a wani reshen kamfanin Chipotle a Boston. Bisa bayanin ma'aikatar shari'a ta Amurka, mai yiwuwa tushen abin wani mai koyon aikin manaja ne da ya yi amai a cikin shagon, aka umarce shi ya ci gaba da aiki, bayan kwana biyu kuma ya taimaka wajen haɗa abincin da aka kai wa 'yan wasan ƙwallon kwando na wata jami'a. A Afrilun 2020 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 kan jerin ɓarkewar cuta da suka kwantar da sama da mutum 1,100 tsakanin 2015 da 2018, tarar da a lokacin ba a taɓa yin irinta ba a shari'ar tsaftar abinci a ƙasar. Abin lura shi ne kamfanin yana da rubutacciyar doka da ta hana mara lafiya aiki, kuma watanni kaɗan kafin abin na Boston ya fara ba masu aikin awa hutun jinya mai albashi. Takarda ta cika. Amma ma'aikata sun shaida cewa hannu bai isa ba, kuma suna jin matsin su zo ko ba lafiya. Hutun da aka ba ka a littafi, amma babu wanda zai tsaya a gurbinka, sunansa hutu ne kawai.

Kada kuma a ɗauka abin na gidajen abinci masu araha ne. A 2013 Noma, gidan abincin da ke babban birnin Denmak wanda aka sha zaɓa a matsayin na ɗaya a duniya, ya kwantar da mutum sama da 60 da noro, kuma hukumar ƙasar ta soki yadda suka yi jinkirin ɗaukar mataki bayan wani ma'aikacin kicin ya kamu.

Ƙasashe sun amsa tambayar wa zai biya ta hanyoyi mabambanta, kuma amsar ce ke nuna abin da ma'aikaci zai yi da asuba. A Jamus mai gida ne ke biyan cikakken albashi har mako shida, daga nan inshorar lafiya ta karɓa. Dokarsu ta kariya daga cututtuka masu yaɗuwa, wadda ta fara aiki a 2001, ta hana mai wasu cututtuka taɓa abincin sayarwa, ta wajabta wa duk sabon ma'aikacin abinci ya saurari bayanin hukumar lafiya kafin ya kama aiki, ta kuma tanadi diyya ga wanda hukuma ta hana shi aiki ya yi asarar albashi. Wato abin da Mary Mallon ba ta samu ba. Sannan akwai wata dabara da ta dace da ƙaramin mai shago: wuraren da ma'aikatansu ba su wuce 30 ba suna zuba ɗan kaso a asusu ɗaya, in wani ya kwanta asusun ya mayar wa mai gida da wani ɓangare na abin da ya biya. Nauyin da zai karya wuyan mutum ɗaya an raba shi ga dubbai.

Birtaniya tana da kuɗin jinya na doka, fam 116.75 a mako a shekarar 2024, amma shekara da shekaru, har zuwa wancan lokacin, tsarin ya kasance ba a fara biya sai a rana ta huɗu, kuma wanda samunsa na mako bai kai wani adadi ba ba ya cikin lissafi. Auna wannan da ciwon da ke ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, da awa 48 na jira bayansa. Kusan duk kwanakin da dokar abinci ta ce a zauna a gida sun faɗa cikin kwanakin da dokar albashi ta ce babu ko kwabo. Gwamnatin da ta hau a 2024 ta kawo ƙudurin soke kwanakin jiran, kuma wannan karo da juna na cikin hujjojin da aka daɗe ana kafawa. A Amurka kuwa birane da jihohi ne suka gaji da jiran tarayya: San Faransisko ta fara, dokarta ta kama aiki a 2007, jihar Konetikat ta bi a 2012, birnin Niyok a 2014, wasu da dama suka biyo baya, yayin da wasu jihohin suka yi dokar hana biranensu yin irin wannan doka. Ma'aikata biyu na kamfani ɗaya, masu sanye da riga iri ɗaya, ɗaya yana da haƙƙin kwanciya ɗaya ba shi da shi, bambancinsu kawai gefen iyakar da suke.

Masu gidajen abinci suna da ƙorafin da suke maimaitawa: in aka biya mutum don ya zauna a gida, masu ƙaryar ciwo za su yi yawa. Za a samu, ba makawa. Wani zai yi dare a wurin biki ya wayi gari ya ce cikinsa ne. Amma a ɗora su a sikeli. Kuɗin ƙaryar mutum ɗaya ladan yini ɗaya ne. Kuɗin gaskiyar da aka ɓoye kuwa rufe shago ne, da zubar da kaya, da lauyoyi, da sunan da ya ɓaci, ban da tsohon da ƙishirwar gudawa za ta kai shi gadon asibiti. Tsarin da aka gina don kama maƙaryaci ɗaya, shi ne ke koya wa masu gaskiya tara su yi ƙaryar cewa lafiyarsu ƙalau. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Lokacin korona ma an ɗan gwada: a Maris na 2020 majalisar Amurka ta ba da hutun jinya na gaggawa mai albashi har mako biyu, ko da yake ta cire kamfanonin da ke da ma'aikata 500 zuwa sama, kuma masu bincike sun ga raguwar kamuwa a jihohin da ma'aikatansu suka samu wannan haƙƙi a karon farko. A ƙarshen shekarar wajabcin ya ƙare, aka koma gidan jiya.

Hutun jinya ba ya toshe kowace kafa, wannan gaskiya ne. Mai ciwon hanta nau'in A yana yaɗa shi kusan mako biyu kafin idonsa ya yi rawaya, lokacin da shi kansa bai san yana ɗauke da komai ba. Maganin wannan allurar rigakafi ce da wanke hannu. Akwai kuma masu noro da ba sa nuna alama ko kaɗan. Sannan duk wannan zance na doka ya shafi wanda ke da takardar ɗaukar aiki ne. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, kimanin mutum biliyan biyu, suna aiki ne ba rajista ba kariya, kuma sayar da dafaffen abinci na cikin sana'o'in da suka fi tara irinsu. Ga baƙon haure da ke wanke tukwane a bayan kicin ba da izinin zama ba, ko yarinyar da ake sallama da kuɗin yini, dokar da ke aiki ita ce halin mai gida.

Akwai kuma wani abu da ke damuna a yadda ake kafa hujjar gaba ɗaya, har da yadda na kafa ta a nan. Kullum ana cewa a bar ma'aikaci ya huta ne don kada mai ci ya kamu. To wanda ciwonsa ba ya yaɗuwa fa? Mai ciwon baya daga ɗaukar buhuna, wanda tafasasshen mai ya sale wa hannu, mai ciwon suga da ke buƙatar minti goma ya zauna ya ci wani abu, mai juna biyu da ƙafafunta suka kumbura bayan awa tara a tsaye, wanda damuwa ta hana shi barci. Waɗannan ba su da hukumar da za ta ƙirga su a rahoton ɓarkewar cuta, domin ciwonsu ba ya tsallakawa zuwa faranti. Su ne aka fi cewa su daure, kuma su ne ake sallama a hankali, ta hanyar jadawali, ba tare da kowa ya ji labari ba.

In cuta ta ɓarke kuwa, sanarwar kamfani kusan iri ɗaya ce a ko'ina: wani ma'aikaci ya saɓa ƙa'idarmu, mun tsaftace wurin, za mu sake horar da ma'aikata. Kashin kajin a kan mai yanka ganye yake ƙarewa. Sufeton lafiya zai zo ya cusa ma'aunin zafi a firji, ya leƙa ƙarƙashin murhu, ya duba ko akwai sabulu a wurin wanke hannu, ya nemi a nuna masa rubutacciyar dokar marasa lafiya, a ciro masa ita daga fayil. Ba ya cikin aikinsa ya tambayi wa ya tsaya wa wadda ta kira da asuba, ko an biya ta, ko awa nawa aka ba ta mako na gaba. Da CDC ta yi wani abu mai kama da wannan tambayar, ta duba ɓarkewar cuta 800 da aka danganta da gidajen abinci tsakanin 2017 da 2019. A rahoton da ta fitar a 2023, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka gano sanadinsu akwai hannun ma'aikaci mara lafiya ko mai ɗauke da cuta. Mafi yawan manajojin sun ce suna da dokar da ta hana mara lafiya aiki. Waɗanda suka ce suna biyan ladan ranar jinya ba su kai rabi ba.